Layu Tara a Wuya Ɗaya

Gwaggo kowa ke ce mata a ofis, har manaja. Shekara ashirin da shida tana aiki a sashen shigar da bayanai na wani kamfanin rarraba magunguna, saura shekara biyu ta ajiye aiki. Gwiwarta ta hagu ta daɗe da yi mata tawaye, shi ya sa in ta hau matakalar nan da safe ta samu kujera, ba ta sake tashi sai dole. Teburinta yana tsakiyar ɗaki, tebura takwas na abokan aikinta sun kewaye shi. Tagogin duk gilashi ne a liƙe, ba a buɗe su. Iska daga sama take saukowa, ta wani baki mai raga da ke jikin silin, daidai kanta.

A farkon shekarar manaja ya shigo da wani injiniya, siriri, mai furfurar da ta riga shekarunsa zuwa, rungume da kwali. A cikin kwalin akwai wasu 'yan abubuwa baƙaƙe, kowanne bai wuce girman kwalin ashana ba, da igiyar ratayawa a wuya. Injiniyan ya ce shi ya ƙera su da hannunsa, kuma wannan ofis ne wurin gwajinsu na farko.

"Kowa da tasa," in ji shi. "In tana jikinka kana kusa, kwamfutarka a buɗe take. Ka yi nisan taku goma, sai ta kulle kanta, don kada wani ya taɓa bayanan magani da sunanka. In ka cire ka ajiye, bayan minti biyar ba motsi ba ɗumin jiki, sai ta yi barci, kwamfutar ma ta kulle."

Ya ɗaga hannu ya nuna silin.

"Na'urar iska kuma tana ƙirga waɗanda ke a farke a ɗakin. Mutum ɗaya, iska kaɗan. Ku tara, iska sosai. Ba a ɓarnar wuta, ba wanda zai sha zafi."

Dogo, wanda ya fi kowa baki a sashen, ya ɗaga tasa yana jujjuyawa.

"Ashe laya aka kawo mana. Ta maganin me ce, ranka ya daɗe? Ƙarfe ko baki?"

Aka yi dariya, sunan kuwa ya zauna. Kafin dariyar ta lafa manaja ya ƙara da cewa duk ƙarshen wata zai riƙa duba wanda kwamfutarsa ta fi daɗewa a kulle. Gwaggo ta lura injiniyan ya sunkuyar da kai yana gyara bakin kwalin da babu abin gyarawa a jikinsa.

Amarya ce ta fara. Shekara takwas da aurenta, 'ya'yanta uku, amma sunan ya ƙi sakinta. Mahaifiyarta na fama da ciwon ƙoda, sau biyu a mako ake kai ta asibiti wankin ƙoda, kuma duk cikin 'ya'yan tsohuwar ita kaɗai ce a kusa. Wata Talata da rana ta durƙusa gefen kujerar Gwaggo, ta yi ƙasa da murya.

"Gwaggo, don Allah ki rataya mini wannan. Awa ɗaya kawai. In kai Umma in dawo."

"In aka gane fa?"

"Wa zai gane? Teburina taku huɗu ne daga naki. Ke kuma ba tashi kike yi ba."

Gwaggo ta dubi idanunta da suka yi zuru-zuru, ta karɓa, ta zura igiyar ƙarƙashin mayafinta. Kwamfutar Amarya ta ci gaba da haske kamar mai ita na zaune.

Sati bai zagayo ba Dogo ya gano. Shi ba shi da marar lafiya, wani ɗan shago yake da shi a bayan tasha da yake son leƙawa. Bayan shi sai mai zuwa ɗauko yara makaranta, sai mai karatun digiri a ɓoye, sai wanda shi kansa bai san inda za shi ba, zaman ne dai ya ishe shi. Kowa da irin lallaɓarsa. "Gwaggonmu ta kanmu." "Allah ya bar mana ke." Ita kuwa tun tana yarinya bakinta bai iya furta a'a ba. Ta kan shirya kalmar tun a bas da safe, ta jera dalilai, amma da zarar an durƙusa gefen kujerarta sai ta ga hannunta ya miƙe da kansa.

Kafin wata biyu, daga sha biyun rana zuwa wajen uku, sau da yawa ita kaɗai ce a ɗakin, da layu tara a wuyanta. Manaja ofishinsa na wani ginin a tsallaken harabar, shi dai ƙarshen wata yake jira ya duba takarda, takardar kuwa kullum cewa take yi sashen nan babu kamarsa wajen zama a kujera. Har yabo ya aiko musu.

Layun ba su da nauyi in ɗaya ce. Tara kuwa, igiyoyinsu kan harɗe su zama kamar igiyar guga, su dinga gurzar bayan wuyanta. Wannan ma da sauƙi. Na'urar iska ita ce babbar azaba. Tana ƙirga mutum tara, sai ta saki iskar mutum tara, mai sanyi, duk a kan tsakar kan mace ɗaya. Takardu na ɗagawa, sai ta danne su da kofi da abin huda takarda. Ta zo da rigar sanyi, ta zo da safa, ta ƙara mayafi na biyu. Yatsunta kan sandare a kan madannai har ta dinga buga lamba ba daidai ba, ta koma ta gyara. Daga baya tari ya zo, busasshe da farko, sannan ya sauka ƙirji ya yi gida.

Wata Asabar da safe tana shanya a tsakar gida, maigidanta, tsohon direba da ya ajiye tuƙi, yana zaune yana gyaran rediyonsa, ya hango jan layi a bayan wuyanta.

"Ke, mene ne wannan? Wa ya ɗaure ki?"

Ta faɗa masa, a gajarce, tana matse riga.

Ya ajiye sukundireba.

"Wato ke ce ma'aikatan ofishin gaba ɗaya. To ki ce su haɗa miki kujerun ma ki zauna a kai."

"Yarinyar nan uwarta ba lafiya."

"Uwar mutum takwas ce ba lafiya? Ni na yi shekara talatin ina ɗaukar kaya, amma ko mota akwai abin da aka rubuta a ƙofarta ba ta wuce shi. Ke ba a rubuta miki komai ba?"

Ta buɗe baki za ta ba shi amsa, tari ya riga ta. Ya tsaya yana kallonta har ya lafa, sannan ya tashi ya ɗora mata ruwan zafi.

A cikin watannin nan injiniyan ya zo sau uku. Da sassafe yake zuwa, lokacin kowa na kan kujerarsa, ya gaisa, ya kafa tsani kusa da teburin Gwaggo, ya ce ta yi haƙuri, ya cusa kansa cikin silin. Ya fito da ƙura a gashi, riƙe da wani ɗan abu mai wayoyi, ya sa sabo, ya naɗe tsani ya tafi. Ba wanda ya tambaye shi abin da yake nema. A zuwa na uku Gwaggo ta ga rigarsa ta yi masa yawa, maɓallin hannu ɗaya ya tsinke ya maye shi da fil.

Zuwa na huɗu, ƙarfe biyun rana ya yi shi, ranar Talata.

Ya turo ƙofa da kafaɗa, tsani a hannu, ya yi sallama. Sai ya tsaya. Kwamfutoci tara na haske, kujeru takwas babu kowa, iska na busawa kamar za ta ɗage silin, ga dattijuwa a tsakiya cikin rigar sanyi da mayafi biyu.

"Ina mutanen?"

"Sun ɗan fita," in ji Gwaggo.

"Dukkansu?"

Ta so ta ce wani abu, tarin ya taso. Ya girgiza ta sosai har ta dafa tebur, layun da ke ƙarƙashin mayafi suka dinga karo da juna, ƙwas-ƙwas-ƙwas, kamar mai kaɗa makullai. Da ya lafa, ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar iska.

Injiniyan ya jingine tsanin da bango a hankali. Ya jawo kujerar Dogo ya zauna, ya ɗora hannu biyu a gwiwa. Bai yi fushi ba. Da ya yi fushi da ya fi mata sauƙi.

"Nawa ne?" ya tambaya.

"Tara, har da tawa."

"Tun yaushe?"

"Wata biyar. Ko ya ɗan fi."

Ya shafa fuskarsa da tafin hannu, ya daɗe bai sauke ba.

"Gwaggo, a cikin silin ɗin nan akwai wani abu da nake kira hanci. Shi ba ya ƙirga laya, numfashin mutane yake shaƙa a cikin iska, don in tabbatar lissafin ya yi daidai. Kullum da rana layu su ce mutum tara, hanci ya ce mutum ɗaya. Na ce hancin ne ya lalace. Na canza shi sau uku. Na kwance na gida a kan teburin cin abinci, wata biyu ke nan yarana a ƙasa suke cin abinci. Matata ta daina tambayata yaushe zan gama." Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Shekara shida ina kan abin nan. Ranar Juma'a zan miƙa rahoto. Na riga na rubuta cewa hancin ba ya aiki kuma ban san dalili ba. In masu kamfanin suka karanta haka, cire na'urar za su yi, shi ke nan. Yau na zo ne kawai in gwada na ƙarshe, don kada in ce ban gwada ba."

Gwaggo ta dubi tsanin da ke jingine da bango. Sau uku mutumin nan yana hawa tsani a kanta yana ba ta haƙuri, amsar da yake nema kuwa tana rataye a wuyanta, taku ɗaya daga ƙafarsa.

"Hancinka ƙalau yake, ɗana," ta ce. "Mu ne ba ƙalau ba."

"Ni ba don a tsare mutane a kujera na ƙera layar nan ba. Don kada a sace bayanai ne. Manaja ne ya mayar da ita rajistar zuwa aiki." Ya dubi bakin iskar, ya dube ta. "Kuma wata biyar kina zaune ƙarƙashin wannan? Shi ya ba ki tarin nan?"

"Likita ya ce sanyi ne ya shiga ƙirji."

"To yanzu me zan rubuta? In na rubuta gaskiya, za a taɓa mutane. Har ke. In na bar abin da na rubuta, ni ne a ƙasa."

Gwaggo ta dubi kujerun da babu kowa. Ta nemi tausayin abokan aikinta a zuciyarta, ta same shi yana nan, amma gajiya ta danne shi. Ba fushi take da su ba. Ba ta ma jin tana yin wani abin kirki. Wuyanta ne kawai ke ciwo, ƙirjinta na ciwo, kuma ta gaji da shirya a'a a cikin bas.

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi," ta ce. "Rubuta abin da ka gani."

Ta yaye mayafin, ta fara warware igiyoyin. Sun harɗe sosai, sai da ya taimaka mata da ɗaya. Ta jera su a kan tebur, ta Dogo, ta mai digiri, ta mai ɗauko yara. Ta Amarya ce ta ƙarshe. Ta riƙe ta a tafin hannu, tana tuna cewa a daidai wannan lokacin yarinyar na zaune a bencin asibiti da jakar uwarta a cinya. Injiniyan ya kawar da kai, ya ba ta dama. Tana iya mayar da ita wuya, ba zai ce komai ba. Amma in ta ɓoye ɗaya ta tona bakwai, da wane ido za ta dubi bakwai ɗin? Ta ajiye ta a ƙarshen layi.

Suka zauna suna jira. Bayan minti biyar kwamfutar Dogo ta yi duhu, sai ta kusa da ita, ɗaya bayan ɗaya har takwas. Ƙarar iskar ta fara sauka, ta sauka, har ta koma kamar numfashin mai barci. Gwaggo ta ji ƙarar motoci daga titi, abin da ta manta ana ji a ɗakin. Ta cire rigar sanyin ta ninke.

Injiniyan ya duba wata ƙaramar na'ura a hannunsa.

"Laya ɗaya, hanci ɗaya," ya ce. "To, hancin biyu, har da ni." Bai yi murmushi ba. Ya ɗauki tsaninsa ya fita.

Ranar Litinin manaja ya tsallako harabar da kansa. Ya yi faɗa na kusan awa guda, ya fi jin zafin yabon da ya aiko fiye da komai. Dogo da mai digiri aka dakatar da su sati biyu. Sauran aka ba su takardar gargaɗi, har Gwaggo. Ita ce ta farko da ta taɓa karɓa a shekara ashirin da shida. Ta karanta ta sau ɗaya, ta ga sun rubuta sunanta daidai, ta sa a jaka. Amarya ta yi kuka ta faɗi dalilinta. Manaja ya ce da ta zo ta same shi tun farko. Ya yarda ta dinga fita ranakun asibiti, amma ta biya awannin ranar Asabar, ranar da take wanki da kitson 'ya'yanta.

Daga nan ɗakin ya canza. Kowa na kan kujerarsa daga safe zuwa tashi, amma gaisuwa ta koma ta fatar baki. In an sayo abin taɓawa sai a zagaye teburin tsakiya. Ranar da Dogo ya dawo, ya tsaya a gabanta ya rusuna har ƙasa.

"Mun gode, Gwaggo. Allah ya saka da alheri. Da ma an ce tsohuwar zuma da ita ake magani."

Wasu suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Ta ce, "Amin, Dogo. Ya shago?" Ya wuce teburinsa.

Injiniyan ya dawo sau ɗaya. Ya raba na'urar iska da layun, ya ce daga yanzu hancin kaɗai za ta bi. Ya karkatar da ragar bakin iskar ta daina kallon teburinta. Ya gaya mata kamfanin ya amince a sa na'urar a rassa biyu, ya kuma roƙi manaja ya daina auna zaman mutane da ita, manaja ya ce zai duba. Yadda ya faɗi "zai duba" ya isa amsa.

"To barka," in ji Gwaggo.

"Barka kadai," ya ce, kamar wanda aka yi wa ta'aziyya. "Ya tarin?"

"Yana sauka."

Tarin ya sauka, amma bai tafi duka ba.

Amarya ta yi sati uku ba ta ce mata komai ba bayan ina kwana. Ba gaba take yi ba, idonta ne kawai ba ya zuwa tsakiyar ɗaki. Sai wata Alhamis da yamma, an tashi aiki, ruwa ya tsare mutane a tasha, bas ɗin da ya zo kowa ya afka masa. Gwaggo ta samu kujera a baya, ta ɗaga kai ta ga wadda aka turo gefenta Amarya ce. Babu wurin gudu. Suka zauna kafaɗa da kafaɗa, gilashi ya yi hazo, wani a gaba yana gardama da kwandasta.

Sun wuce tasha biyu kafin Amarya ta yi magana, idonta na kan jakarta.

"Da kin gaya mini kin gaji, Gwaggo."

"Da na gaya miki, wa za ki ba?"

Amarya ta murza igiyar jakarta.

"Ban sani ba," ta ce daga baya. "Wallahi ban sani ba."

"Ya jikin Umman?"

"Jiya ƙafafunta sun kumbura. Sun ce wataƙila a mayar da wankin sau uku a sati." Ta ja numfashi. "Ni ce na jawo miki takardar nan. Ni na fara."

"Hannuna ne ya karɓa. Bar maganar."

Amarya ta gyaɗa kai. Ta fara ba da labarin wata nas mai kirki da ke sama musu gado kusa da taga, maganar na fita a hankali, tana tsinkewa. Kafin su kai gadar sama ta yi shiru. Gwaggo ta ji nauyi ya sauka a kafaɗarta. Yarinyar ta yi barci, baki a ɗan buɗe, hannu na riƙe da jaka gam.

Tashar Gwaggo ta zo. Kwandasta ya buga jikin mota ya kira sunan wurin sau biyu. Ta dubi fuskar da ke kafaɗarta, ta ci gaba da zama, bas ya ja. A tasha ta gaba ta taɓa hannun Amarya.

"Tashi, 'yata. Gyara zama, zan sauka. Kada ki wuce tasharku."

Amarya ta farka a firgice tana goge baki, tana ba da haƙuri. Gwaggo ta ratsa mutane ta sauka. Ruwan ya koma yayyafi. Ta ja mayafi ta rufe kai, ta juya ta kama hanyar komawa baya a ƙafa, tana bin gefen shaguna inda rumfa ta tare ruwa.